Maganin feshi ne ya lalace ko kaskar ce ta sauya?

Ɗan Gagarawa: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu kiwo da likitocinmu. Tunda ruwa ya sauka bana kaska ta hana shanuna sakat. In na yi feshi, kafin mako ya zagayo sai ka rantse ban yi ba, kuma maganin da na saba saya ne. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne karsanar nan ruwa-biyu da na sayo saboda madara. Tun jiya ta ƙi cin komai, jikinta zafi rau, yau da safe na ga fitsarinta ya koma ja. Su kuwa fararen shanunmu na gida sun fi ta yawan kaska a jiki, amma suna kiwonsu lafiya lau. Ina matsalar take?

Dillali: Wa alaikumus salam. Jabu aka sayar maka, ba wani abu ba. Yanzu kwalba ce kawai ta gaskiya, abin da ke ciki sai Allah. Ka sauya shago.

Likitan Dabbobi: Malam, a ajiye maganar feshi tukuna, karsanar ce gaggawa. Zazzaɓi da jan fitsari a jikin saniyar da kaska ta hau, abin da muke fara zargi shi ne ciwon fitsarin jini. Wata ƙwayar cuta ce kaska ke zuba wa dabba, ta shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su, abin da ya fashe shi kake gani a fitsari. Ka nemi malamin dabbobi na kusa da kai yau, ba gobe ba. Akwai allurar da ke maganinsa, irin su Berenil, amma da nauyin dabba ake auna ta. Kada a kora ta kiwo, kada a sa ta tafiya mai nisa, a bar ta a inuwa da ruwa a gabanta. Jininta ya yi ƙasa, wahala kaɗan za ta iya kayar da ita. Ka buɗe fatar idonta ka duba, in ta yi fari fat to abin ya yi nisa.

Ɗan Gagarawa: Na duba Likita, ta yi fari. Na tura yaro a babur ya ɗauko malamin.

Baffa Mai Shanu: Allah ya ba ta lafiya. Amma ɗana bari in faɗa maka gaskiya, ku yaran yanzu kun ɗora komai a kan kwalba. Mu da muka tashi, da asuba kafin a saki shanu kowa zai tsuguna, yaro da babba, a bi hantsa da matsematsi da ƙarƙashin wutsiya ana cire kaska da hannu ana jefawa a wuta. Da damina kusan kullum ne. Ba mu san feshi ba, kuma shanu ba su ƙare ba.

Ɗan Ardo: Haka ne Baffa. Kuma ba kowace ake bi ba. Koti ake nema, wannan babbar mai zane a baya kamar an yi mata ado, mai dogon baki. Ita ce ke lalata kan nono, ita ce in ta yi yawa kirci ke biyo baya. Ƙananan nan masu launin toka ba mu cika damuwa da su ba.

Likitan Dabbobi: Ɗan Ardo ya kawo mu inda nake so. Mutane na cewa kaska kamar iri ɗaya ce, alhali waɗanda ke kan shanunmu kaɗai sun kasu, kowace da halinta da cutar da take ɗauka.

Koti ɗin nan sau uku take hawa dabba a rayuwarta, kuma duk hawa dabba daban. Tana ƙyanƙyashewa daga ƙwai a ƙasa, 'yar mitsitsiya mai ƙafa shida, ta hau wata dabba ta sha jini ta faɗo, ta yi saɓa ta zama mai ƙafa takwas, ta sake hawa wata, ta faɗo, ta sake saɓa, sannan ta zama babbar da kuke gani. A ƙasarmu duk wannan shekara guda yake ci. Manyan suna fitowa da farkon damina, ƙananan a ƙarshen damina da kaka, matsakaitan da hunturu. Macen in ta ƙoshi ta faɗo tana zuba ƙwai fiye da dubu 10 kafin ta mutu. To ka lissafa, guda nawa ke faɗowa a makwancin shanunka a dare ɗaya.

Ƙananan masu launin toka da kuka raina kuwa, su ba sa sauka. Tun tana 'yar mitsitsiya har ta girma a kan saniya ɗaya take, kamar mako 3, sannan ta faɗo ta yi ƙwai. Kuma ita ce mai kawo fitsarin jini. Uwar tana sa wa ƙwanta cutar, don haka 'ya'yan da cutar suke ƙyanƙyashewa.

Abin da nake so Ɗan Gagarawa ya gane shi ne, wadda kake gani a jikin saniya kaɗan ce daga cikin abin da ke akwai. Mafi yawa suna ƙasa, a ciyawa da gindin kara da makwanci. Ka fesa ka kashe na jiki, gobe shanu su koma wurin da suka kwaso su. Ba dole ne maganin ya zama jabu ba.

Dillali: To Likita in haka ne me ya sa da can in an fesa ake wata guda ba a ga ko ɗaya ba? Ni dai na tsaya a kan bakana.

Likitan Dabbobi: Ban ce babu jabu ba Alhaji, akwai shi, shi ya sa muke cewa a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kada a sayi wanda ya wuni a rana a kan tabarma. Amma ka tambayi masu feshin yadda suke haɗawa. Wani murfi ɗaya zai zuba inda ake son uku saboda tsada, wani da tsumma yake shafawa a gadon baya, kaska kuwa tana can ƙarƙashi. Maganin da bai kai ƙarfi ba yana kashe raunana ya bar masu tauri, su ne za su hayayyafa. Shekara da shekaru ana haka da magani iri ɗaya, sai a wayi gari jikokinsu ba sa jin sa ko an haɗa daidai.

Sannan akwai baƙuwa. Wata 'yar'uwar mai launin tokar nan ce, asalinta daga Asiya, ta daɗe da mamaye Birazil. An fara ba da rahotonta a Afirka ta Yamma a Kwaddibuwa a 2007, kuma ta shigo Jamhuriyar Benin a jikin shanun madara da aka sayo daga Birazil. Daga nan ta bazu zuwa Burkina Faso da Mali da Togo, an kuma tabbatar da ita a Najeriya. Ta fi tamu saurin haihuwa, inda ta sauka takan kore tamu ta gida, ta zo da taurin magani tun daga can, kuma nau'in fitsarin jinin da take ɗauka ya fi tsanani, har ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Da ido ba ka bambance ta da tamu, sai an sa a madubin likita.

Ɗan Ardo: Ikon Allah. Wato a jirgi ta zo.

Hajiya Mai Turka: Likita ni tambayata ita ce wadda Ɗan Gagarawa ya yi ba a amsa ba. Me ya sa ta gidan da ta fi kaska ba ta kwanta ba, sai baƙuwar?

Likitan Dabbobi: Hajiya, maraƙi a watanninsa na farko, har wajen wata 9, Allah ya ba shi juriyar wannan ciwo. In kaska ta cije shi a lokacin, zai kamu sama-sama ya warke, jikinsa ya san cutar. Bunajinmu da Rahaji da Bokolo duk ta nan suka bi tun suna maruƙa, ga kuma jininsu da ya saba da kaska tun kaka da kakanni. Ita kuwa ruwa-biyu mai jinin shanun Turai, in a gidan gona ta tashi inda ake wanke ta da magani kullum, ba ta taɓa haɗuwa da cutar ba sai da ta girma, kuma babba ne ciwon ke kayarwa. Shi ya sa ni ba na ba mai shanun gida shawarar ya ƙarar da kaska ƙaf daga garkensa. A rage ta yadda ba za ta cinye dabba ba, amma maruƙa su ɗan ɗanɗana. Mai ruwa-biyu kuwa hukuncinsa daban, shi dole ya tsare.

Baffa Mai Shanu: To ka ji. Ashe da muke barin ƙananan ba wauta muke ba.

Likitan Dabbobi: Ba wauta ba ce Baffa, Allah ya ƙara girma. Sai dai wancan zamanin baƙuwar nan ba ta zo ba, kuma shanu ba sa hawa tirela su kwana a wata jiha.

Dillali: Ga shi nan, an zo kanmu. Duk abin da ya lalace a ce dillalai da kasuwa.

Ɗan Fawa: Alhaji ai ba zagi ba ne. Kai kanka ka san ranar Alhamis a Maigatari dabbar Nijar da ta Yobe da ta Borno duk a fili ɗaya suke tsayawa. Juma'a wasu suna Wudil, Lahadi wasu suna Dambatta. Kaska ba ta da fiffike, ba ta tsalle, in ba a ɗauke ta ba ina za ta? Mu ne motarta.

Ɗan Ardo: Har da mu, kada a ɗora wa kasuwa ita kaɗai. Masu tafiya kudu da rani, Kaduna, Neja, Nasarawa, in ruwa ya sauka su dawo ta Falgore, me suke dawowa da shi a hantsar shanu? Kuma yanzu burtali ya matse, gonaki sun cinye makiyaya, garke goma a fili ɗaya da mashaya ɗaya. Da can in wuri ya yi kaska sai a tashi a bar shi ya huta, yunwa ta kashe kaskar. Yanzu a tashi a koma ina?

Malamin Gona: Ku ƙara da ruwa. Abin da ke kashe ƙwan kaska da ƙananan shi ne bushewa, iskar hunturu da zafin bazara suna rage su sosai a kan tudu. Amma ku dubi Kadawa da Kura inda ruwan Tiga ke bin kwalbatoci rani da damina, ku dubi kwarin Haɗeja. Ciyawa ɗanya ce duk shekara a bakin ruwa, shanu kuma can suke taruwa cin ragowar shinkafa. Wuri irin wannan kaska ba ta san rani ba. Ban ce noman rani laifi ba ne, da shi muke ci, amma mai kai shanu can ya san abin da zai kwaso.

Ɗalibi: Salam iyayena. Na karanta a intanet cewa kaska na kawo wata cuta mai suna Layim, wai tana kama gaɓoɓi da jijiyoyi har mutum ya nakasa. Ko ita ce ke sa tsofaffinmu ciwon gwiwa ba a sani ba?

Malamar Asibiti: Ƙanena, ciwon gwiwar tsofaffinmu shekaru ne da noma. Cutar da ka karanta gaskiya ce, sunan wani gari ne a Amurka inda aka lura da ita a jikin yara a 1975, aka gano ƙwayar a 1982. Amma kaskar da ke yaɗa ta ta dazuzzukan ƙasashen sanyi ce, Amurka da Turai da arewacin Asiya, tana rayuwa tsakanin ɓeraye da barewarsu. Saboda masu rubutu a intanet mutanen can ne, sai ka ɗauka ita kaɗai ce cutar kaska a duniya. Namu na nan kusa sun ishe mu.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne zazzaɓin Kirimiya da Kwango. An fara bayyana shi a Kirimiya a 1944, aka samu ƙwayar a Kwango a 1956, daga baya aka gane abu ɗaya ne. Yana farawa da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon jiki, bayan kwanaki jini ya fara fita ta hanci da dasashi, fata ta yi tabo-tabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda suka kamu, kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na mutuwa. Ƙwayar tana Najeriya, an daɗe da samunta a jikin kaska da dabbobi a nan. Abin da ya sa yake da haɗari, saniya ko rago na ɗauke da ita ba ya nuna komai, lafiyarsa ƙalau. Mutum yana kamuwa ta cizon kaska, ko ya murtsuke ta da yatsa, ko jinin dabba ya taɓa masa rauni lokacin yanka. A Iraki cikin 2022 ya yi ɓarna, kuma mahauta da masu kiwo ne suka fi shan wahala.

Ɗan Fawa: Hajiya Malama kin sa gabana ya faɗi. Mu da hannunmu ba ya rabuwa da yankan wuƙa, kuma a jini muke wuni. Naman fa? Kada mutane su ji su daina saye.

Malamar Asibiti: Naman da aka dafa ba shi da matsala. Haɗarin yana wajen yanka da fiɗa, lokacin da jinin yake ɗanye. In kana da rauni ka rufe shi, ka sa safar hannu ta roba da takalmin ruwa, ka wanke da sabulu kafin ka kai hannu ido ko baki. Da layya kuma a daina ba yara fata su yi wasa da ita, kaska na barin fata in ta huce ta nemi mai ɗumi na kusa.

Baffa kuma ka yi haƙuri, cirewa da hannu da jefawa a wuta na yarda da shi, amma na sha ganin yara suna fasa ta tsakanin farce biyu jini ya fantsama. Wannan a hana.

Baffa Mai Shanu: 'Yata mun yi shekara da shekaru muna fasawa, ga mu nan.

Malamar Asibiti: Allah ya ƙara nisan kwana Baffa. Amma wanda zazzaɓi ya ɗauke a ruga aka ce shawara ce ko maleriya, wa ya auna shi? Ba kowace kaska ke ɗauke da ƙwayar ba, shi ya sa mutum zai yi shekaru bai gamu ba. Ni roƙona ɗaya ne, duk wanda zazzaɓi ya kama aka yi gwajin maleriya babu, ko ya sha magani bai sauka ba, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa yana hulɗa da dabbobi ko kaska ta cije shi. Mu ma ba kullum muke tunawa mu tambaya ba. Ita koti ma tana sa wa mutum wani zazzaɓi mai sauƙi, za ka ga baƙin tabo a wurin cizon da kaluluwa, yana jin magani in an gane shi. A Sanagal akwai wata kaska mai laushi da ke zaune a ramin ɓera cikin ɗaki, tana cizo da dare ta koma, zazzaɓinta yana tafiya yana dawowa, an daɗe ana ɗaukarsa maleriya.

Ɗalibi: To in ta kama mutum yaya ake cirewa? Mu kalanzir muke ɗiga mata ko a kusanto da garwashi.

Malamar Asibiti: Duka biyun a bari. Ka sa matsefata ka kama ta dab da fata, ta wajen baki, ka ja a hankali kai tsaye ba murɗawa, kada ka matse cikinta. Ka wanke wurin da sabulu. Da wuri ake so, gwargwadon daɗewarta gwargwadon abin da take zubawa. Yara masu kiwo a duba musu bayan kunne da cikin gashi da hammata da mara in sun dawo.

Likitan Dabbobi: In ƙara a kan maganar Malama, kaskar da ke ɗaukar zazzaɓin Kirimiya da Kwango ita ce mai ratsi-ratsi a ƙafa, wadda kuke samu a ƙarƙashin wutsiya da tsakanin kofato, raƙuma na fama da ita. Ita ta fi son ƙasa mai bushewa irin tamu ta arewacin Jigawa. Kuma ba ta hawa ciyawa ta jira kamar mai launin toka, a ƙasa take ɓuya, in ta ji numfashin dabba ko motsinta sai ta biyo da gudu. Ƙanananta a jikin zomo da bushiya da tsuntsaye masu kiwo a ƙasa suke girma.

Ɗan Haɗeja: Tsuntsaye kuma? Mu nan wajen Baturiya duk hunturu tsuntsayen Turai cika fadama suke. Kada dai su ne ke kawo mana.

Likitan Dabbobi: Ai su Turawan ne ke kuka da mu. Tsuntsun da ya yi hunturu a nan in zai koma yakan tafi da 'yar kaska a kansa, ta sauka a can. Da sanyi ke kashe ta, yanzu da zafi ke ƙaruwa wasu na kaiwa girma, a 2018 an tsinci manyanta a jikin dawaki a Jamus da Suwidin. Koti ma ta riga ta ƙetare teku tun zamanin jiragen ruwa, a jikin shanun Sanagal aka kai ta tsibiran Karibiyan, har yau a Gwadaluf kaskar Sanagal suke ce mata. Balbela kuma ta taimaka wajen kai ta daga tsibiri zuwa tsibiri.

Baffa Mai Shanu: Balbela ai bin shanu kawai take tana cin fara. Carki ne mai cin kaska, shi kuma yanzu sai ka yi damina ba ka ga ko biyu a bayan sa ba. Kun fesa guba kun kashe mai taimakon.

Hajiya Mai Turka: Ni kaji da zabi nake saki a turken raguna, suna tsince su tas. Amma Likita bara na yi asarar rago Balami, lafiya lau da dare, da safe ya dinga zagaye yana ɗaga ƙafa sama-sama, ya faɗi yana shure-shure da kumfa a baki. Maƙwabta suka ce iska ce, wasu suka ce an ba shi wani abu. Da aka yanka sai ga ruwa cike da ƙirji.

Likitan Dabbobi: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Yadda kika kwatanta, ya yi kama da ciwon ruwan zuciya, kuma koti ke kawo shi. Ƙwayar tana lalata jijiyoyin jini sai ruwa ya tsattsafo ya taru a jakar zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa. Tumaki da awaki ya fi kayarwa, musamman wanda aka kawo daga wuri mai bushewa zuwa inda koti take. In an kama shi tun yana zazzaɓi, allurar dabbobi da ake kira LA na aiki, in ya kai ga shure-shure da wuya. Matsakaitan koti na hunturu ma suna yaɗa shi, ga su ƙanana, mai rago zai rantse babu kaska a jikinsa.

Tunda an zo maganar allura, akwai ciwo na uku, wanda saniya ke ramewa, ido ya yi rawaya, kashi ya bushe, in an yanka a ga madaciya ta kumbura, amma fitsari bai yi ja ba. Shi ba kaska kaɗai ke yaɗa shi ba, allura ɗaya da ake bin garke duka da ita tana ɗaukarsa daga wannan zuwa wancan.

Kajinki kuma ki duba akurkinsu. Akwai kaskar kaji, faffaɗa mai laushi, da rana tana cikin tsagar bango, da dare ta fito ta sha jini. Tana iya shekara ba ta ci ba tana jira. In kaji na ramewa suna zawo kore, ki haska tocila da dare a tsagogin.

Ɗan Fawa: Wani abin da masu kiwo ba sa lissafawa shi ne fata. Duk inda mai dogon baki ta kafa, tabo ne ko huda. Masu kai wa kamfanonin jima na Sharaɗa da Chalawa suna ɗaga fata a rana su duba, mai tabo kuɗinta daban. Wadda kirci ya ci kuwa sai dai ganda.

Mafarauci: Ni a ganina duk dogon Turanci ne. A sa wa daji wuta da kaka, ƙwai da uwa duk su ƙone. Karnukana kuwa fiya-fiya nake ɗiga musu da baƙin mai.

Malamin Gona: Haba Malam. Ka ƙone ciyawar da shanu za su ci da rani, ka ƙone harawar mutane, kaskar kuma da yawa tana cikin tsagar ƙasa wuta ta wuce ta kanta. Bara ma wuta irin wannan ce ta cinye wa mutane amfanin gona a wajenmu.

Likitan Dabbobi: Fiya-fiya da maganin feshin wake ba na jikin dabba ba ne. Suna ratsa fata, suna fita a nono, yaran gida ne za su sha. Ko maganin dabbobi na gaskiya akwai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba da ba a shan nono ba a yanka, a karanta. Kuma kaskar kare a bangon gidanka take haihuwa, cikin tsaga da ƙarƙashin tabarma, in ba ka gyara makwancinsu ba aikin banza kake. Wani gargaɗi, mai maganin kaska na Amitraz a gida kada ya kuskura ya wanke doki ko jaki da shi, yana tsayar musu da hanji har ya kashe.

Dillali: To naji, ni me ake so in yi? In daina sana'a?

Likitan Dabbobi: A'a Alhaji. Ka riƙa faɗa wa mai saye ya ware sabuwar dabba a turke daban kamar mako 3, a wanke ta da magani ranar da ta iso, a share makwancin a ƙone sharar. In da ciwo a jikinta zai fito a nan, in da baƙuwar kaska a nan za ta mutu. Wanda kuma ya ga ƙananan nan sun yi yawa ba sa jin magani, ya tsinci kamar 20 har da mazan, ya zuba a kwalba da sifirit, ya kai ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a tura wa masu binciken dabbobi a Vom ko Zariya a duba.

Ɗan Ardo: Likita akwai wata dabara da ba sai an kayar da saniya ba? Yaran da ke tsugunawa da asuba yanzu suna makaranta.

Likitan Dabbobi: Akwai wadda aka gwada a Burkina Faso, wajen Bobo Julaso. Masu bincike sun lura manyan koti ba sa wucewa hantsa kai tsaye. A wurin kiwo tsakanin kofato suke fara maƙalewa, sai dare ya yi saniya ta kwanta sannan su hau ƙirji da hantsa. Sai aka gina ɗan kwarami na siminti a ƙofar shinge, a zuba ruwan magani iya kofato, shanu su bi ta ciki da yamma in sun dawo, duk bayan kwana biyu ko uku a farkon damina. Magani kaɗan yake ci, kuma garke na wucewa cikin 'yan mintoci. Koti yake kamawa, ba zai maye feshi a kan masu launin toka ba.

Ɗan Ardo: Wannan na mazauna ne. Mu da muke tashi ba za mu ɗauki siminti a ka ba.

Dillali: Mazaunan ai suna da yawa. In unguwa za ta haɗa kuɗi ni zan ba da buhu biyu. Akwai fili a gefen rijiyar garinmu, duk shanu ta nan suke bi.

Malamar Asibiti: Ba gefen rijiya ba Alhaji, don Allah. Ruwan sama ɗaya zai kwashe maganin ya kai inda mata ke ɗiba.

Malamin Gona: A kai shi bakin burtali ta gabas, can tudu ne, a yi masa rumfar kwano da ramin zubar da tsohon ruwa. Zan tambayi magini nawa zai ci in kawo muku lissafi ranar kasuwa.